Naman Gidan Tolo da Lasisin Liziwe

Liziwe Somdaka tana da shekara arba'in da takwas, uwar 'ya'ya biyu ce, mijinta ya rasu, kuma sati biyar ke nan da hukumar rajistar ma'aikatan lafiya da ke Pretoria ta ba ta lasisin duba marasa lafiya da ƙashin kanta a matsayin masaniyar halayyar ɗan Adam. A ƙaramin asibitin gundumar da take aiki, gaba da Tsolo, ba mai wahalar da bakinsa da wannan dogon suna. Tsofaffi suna ce mata likitar da ba ta allura. Ma'aikatan jinya suna ce mata Malama. Wanda ya girme ta kuwa, ko ya san gidansu, MamTolo yake cewa, 'yar zuriyar Tolo, sunan da aure bai canja mata ba.

Shekara goma sha biyar ta yi tana bin wannan lasisi, kuma saura wata biyu ta gama koyon aiki ya kusa kuɓuce mata a kan ƙunshin nama guda.

An haife ta a wani ƙauye a kan tudu tsakanin Tsolo da Qumbu. Mahaifinta ya yi shekara ashirin da biyu a ramin zinariya a Welkom, ya dawo gida da akwatin ƙarfe da tarin da bai rabu da shi ba har ya mutu. Ita ce ta fara gama sakandare a gidan. Ta yi kwalejin horon malamai, ta fara koyar da 'yan aji uku tana da shekara ashirin da uku, ta auri Mlamli Somdaka, direban bas mai jigila tsakanin Mthatha da East London. Tana da talatin da ɗaya motar ta ƙwace masa a gangaren kogin Kei, ranar wata Lahadi ana ruwa, ya rasu.

Wata biyar ba ta koma aji ba. Ba ta kuka, ba ta kuma cin abin kirki, sai ta zauna a bakin gado da baƙin kayanta har rana ta juya. Wata ma'aikaciyar jinya ta rubuta mata takarda zuwa wurin masanin halayyar ɗan Adam a birni, ta jira sati goma sha ɗaya kafin layi ya zo kanta. Wanda ta tarar saurayi ne mai kirki, amma bai iya Xhosa ba. Ita ta iya Turanci, da shi take koyarwa, sai dai ranar ya ƙi fita daga bakinta. Saurayin ya tausaya mata, ya leƙa waje ya kira wata ma'aikaciya ta yi musu tafinta. Matar da ta shigo 'yar cocinsu ce, benci ɗaya suke zama a taron mata na ranar Alhamis.

"Yana tambaya yaya kike ji," in ji matar.

"Gaya masa lafiya lau nake," in ji Liziwe.

Minti ashirin ta yi a ɗakin, ba ta sake komawa ba. Ba ta cewa a ranar ta yanke shawarar komai. Sai bayan shekara biyu ta cike takardar karatu daga gida ta aika wa jami'a.

Hanyar ba ɓoyayya ba ce, hukuma ta shimfiɗa ta a rubuce. Digiri na farko, a ɗora shekara guda a kansa, sannan digiri na biyu da kundin bincike. Daga nan wata goma sha biyu na koyon aiki a asibiti, ƙarƙashin idon wanda ya riga ya mallaki lasisi, shi kuma yana aika rahoto duk wata uku. Sai jarrabawar hukuma, wadda ba a ci da ƙasa da saba'in cikin ɗari, sai shekarar hidima a inda gwamnati ta tura mutum. Yaron da ya fito sakandare ya miƙe, in hanya ta yi masa kyau, shekara bakwai ko takwas ta ishe shi. Liziwe tana koyarwa da safe, tana karatu da yamma bayan ta duba littattafan yara. Digiri na farko kaɗai ya ci mata shekara biyar.

Surukarta, Mama Nofezile, wadda ta riƙe mata yaran duk tsawon lokacin, ba ta taɓa hana ta ba, ba ta kuma taɓa ƙyale ta ba.

"MamTolo, yaran da kika koya wa ƙirga sun gama sun dawo da motoci, ke har yanzu da jakar littattafai. Makaranta ce ko gidan yari?"

"Saura kaɗan, Mama."

"Bara ma haka kika ce. In na mutu kafin ki gama, ki kawo takardar kan kabarina in gani."

Ta rayu ta gani. Shekararta tamanin da uku yanzu, kuma da aka karanta mata lasisin ta ce rubutun ya yi kaɗan in aka duba shekarun da ya ci.

Ƙofar da ta fi ƙunci ita ce ta digiri na biyu. A jami'ar da ta nema gurbi takwas ne, masu nema sun haura ɗari uku. Shekarar farko ko amsa ba ta samu ba. Ta biyu aka kira ta satin tantancewa, aka sallame ta ranar Laraba. Ta uku ta kai Juma'a, wani farfesa ya tambaye ta ko tana ganin mace mai shekara arba'in da uku za ta iya zama aji ɗaya da yaran da ta yi kusan haifarsu. Ta ce ta shekara ashirin tana zama aji ɗaya da 'yan shekara tara, ba ta ga abin da zai gagara ba. Aka ɗauke ta. Ta ajiye aikin koyarwa.

Koyon aikin a wani babban asibitin gwamnati a Mthatha ta yi shi, tana da arba'in da shida. Mai duba aikinta Dakta Vanitha Chetty ce, mutuniyar Durban, wadda ta zo garin da niyyar shekara biyu ta yi ashirin da shida. Ta iya Xhosa, da karin harshen da ke sa masu shara su juya baya su yi dariya. Ba ta ɗaga murya, ba ta kuma yabo. Duk Talata da ƙarfe biyu Liziwe takan shiga ofishinta da fayilolin marasa lafiya su yi awa guda. Rahoto uku sun tafi Pretoria lafiya. Saura na huɗu, na ƙarshe, wanda in babu shi ba jarrabawa, ba lasisi.

A watan Satumba aka turo mata Tata Velile, wato Baba Velile, daga ɓangaren maza. Shekararsa saba'in da ɗaya, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Ɗansa namiji tilo ya mutu a Cape Town wata goma sha ɗaya kafin nan, tun daga lokacin tsohon yake ramewa, likitoci sun yi duk gwajin da suke da shi ba su ga komai ba. Shi da kansa yake ba da labarin yanzu ga duk wanda ya zauna kusa da shi a tashar mota, shi ya sa ba laifi a faɗi sunansa. Ranar farko ya zauna da hularsa a kan gwiwa, da baƙin ƙyallen makoki a hannun kwat ɗinsa, ya ƙi kallon takardar da ta miƙa masa.

"'Yar wane gida ce ke?" ya ce.

A aji an koya musu cewa in mara lafiya ya yi irin wannan tambaya, a mayar da magana kansa cikin ladabi. Liziwe kuwa ta san dattijon da aka ƙi gaya wa zuriya zai yi godiya, ya sa hularsa, ba za a sake ganinsa ba.

"MamTolo ce, Tata."

Tsohon ya ɗago kai. Ya sauke hular ƙasa, ya jero kirarin kakannin Tolo tun daga na farko, ita kuma tana amsawa a inda ake amsawa. Shi ma Tolo ne. Ƙauyensa da nasu tafiyar awa biyu ce a mota, ba su haɗa kaka ko ɗaya da za a iya ambata ba, amma wannan bai dame shi ba.

"Ashe gida na zo," ya ce. "To, kawo takardar taki."

Sati huɗu yana zuwa duk Alhamis. Ya yi maganar shanunsa, ya yi maganar jirgin kwal da ya yi wa aiki shekara talatin, yana kewaye sunan ɗan kamar mai kewaye rami. Ya fara cin abinci. A zama na huɗu, har ya miƙe zai fita, sai ya tsaya da hannu a kan ƙofa.

"Akwai maganar da ban gaya wa kowa ba, har uwar yaron. In mun cire baƙin kaya zan gaya miki. Asabar ɗin nan ce, za mu yanka bijimi. Ki zo da wuri."

"Tata, ban sani ba ko zan..."

"Ba gayyatarki nake yi ba. Baƙo ake gayyata. 'Yar gida sanar da ita ake yi."

Ta san dokar, tana cikin littafin da take haddacewa domin jarrabawa. Ba a duba ɗan'uwa, ba a duba aboki, kuma wanda ake dubawa ba a shiga wata hulɗa da shi a waje. Amma da ta auna abin a ranta sai ta ga ba abota ba ce, ba kuma shagali za ta je ba. Gidan Tolo ya yi rashi, 'yar Tolo ta ji ta ƙi zuwa, wannan a wurinta shi ne abin kunyar. Ranar Asabar ta ɗaura ɗankwali, ta sayi sukari da ganyen shayi, ta shiga mota.

An karɓe ta kamar wadda ta daɗe a tafiya. Matan da aka auro gidan suna waje cikin hayaƙi wurin manyan tukwane, ita kuwa aka wuce da ita babban ɗakin jinka, aka zaunar da ita a tabarma cikin 'ya'yan gida mata, ana kawo musu abinci suna cewa gishiri bai ji ba. Da aka gama fiɗa a shingen shanu, Tata Velile ya kira ta gaban maza ya ce, "Ga 'yarmu, likita ce a Mthatha. Ita ta sa na koma cin abinci." Yayarsa, wata tsohuwa mai dogon lofe, ta ja ta gefe.

"To, 'yar ƙanena, me yake gaya miki a can? Shekara guda muna tambaya, sai ya kawo mana zancen shanu."

"Abin da aka faɗa a ɗakin can, can yake kwana, Gwaggo."

"Ji mini yarinya. An ba ta nama ta hana mu labari."

Da yamma aka naɗe mata rabonta, haƙarƙari, a takarda.

Ranar Litinin ta dafa shi da masara da wake ta kawo asibiti, domin naman irin wannan ba a cinye shi a ɓoye. A ɗakin shan shayi ta zuba wa Sista Nokwanda, babbar ma'aikaciyar jinya ta ɓangaren maza, wadda ta zama ƙawarta tun satin farko. Suna ci Dakta Chetty ta shigo neman ruwan zafi. Ba ta cin naman shanu, amma ta yaba ƙamshin, ta tambayi wa ya yi biki.

"Gidan Tata Velile ne, Dakta. Sun cire baƙin kaya."

"Velile na ranar Alhamis?"

"Shi."

Dakta Chetty ta cika kofinta, ta ajiye butar a hankali. "In kin gama ki same ni a ofis. Ba sai Talata ba."

Sista Nokwanda ta bi ta da kallo, sannan ta dubi farantin. "Malama, ina jin naman nan zai tsaya miki a wuya. Miƙo sauran in taimake ki."

A ofis Dakta Chetty ba ta yi faɗa ba. Ta tambayi inda aka zaunar da ita, wa ya gabatar da ita, da wane suna. Liziwe ta amsa duka, sannan ta ce, "Dakta, ba jini ɗaya muke ba. In zuriya za a bi, rabin layin can ko Tolo ne ko ya auri Tolo. Wa zai rage mini in duba?"

"Na sani. Shekara ashirin da shida ina jin ana tambayar zuriya a barandar nan. Ban ce kin yi laifi da kika amsa masa ba, da ba ki amsa ba da bai zauna ba. Amma kin je gidansa kin zama 'yarsa a gaban mutanensa. Dokar nan ba ni take karewa ba, ba kuma hukuma ba. Shi take karewa."

"Ya samu sauƙi, Dakta. Kilo biyu ya ƙara."

"Ya ce zai gaya miki wata magana, na gani a fayil. Ranar Alhamis ki zauna da shi, ki zo ki faɗa mini abin da kika gani. In ya faɗa, ni na yi kuskure, zan ce na yi kuskure in sa hannu a rahotonki. In bai faɗa ba, ba zan iya rubuta cewa kin isa zama ke kaɗai ba."

Liziwe ta san abin da wannan ke nufi. Ana iya ƙara wa mutum wata uku ko shida, in ba a gamsu ba a mayar da shi farkon shekarar, in ma akwai asibitin da zai sake karɓarsa. Ta bar aikin shekara ashirin domin wannan takarda, ba ta da ajin da za ta koma.

Ranar Alhamis Tata Velile ya zo da sabuwar riga, ba baƙin ƙyalle, da kabewa biyu a buhu, wai na jikokinsa, wato 'ya'yanta. Ya tambayi lafiyar surukarta. Ya tambayi ko rufin gidanta yana yoyo, don yana da wanda zai turo. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Tata, ka ce akwai magana."

Ya dubi hularsa. "Wace magana?"

"Wadda ba ka gaya wa kowa ba."

"A'a, 'yata. Lafiya lau nake."

Ta yi shiru ta ba shi fili, kamar yadda aka koya mata. Agogon bango ya ci minti uku. Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa.

"Da can ke likita ce mai sunan gidanmu. Yanzu kin zauna a ɗakin kakanni, kin ci naman gida, yayata ta san fuskarki. Akwai abin da uba ba ya buɗewa a gaban 'yarsa. Kada ki ji haushi, don ina ganin girmanki ne."

Ta san wannan lafiya lau ɗin. Ita ta taɓa faɗinsa, shekara goma sha biyar kafin nan, a gaban 'yar cocinsu. Wannan karon ita ce matar da ta shigo ɗakin.

Da ya tafi ta zauna da fayil a buɗe, biro a hannu. Sista Nokwanda ta leƙo, ta ga fuskarta, ta shigo ta tura ƙofa da ƙugu.

"Bai faɗa ba," in ji Liziwe.

"Wa ya sani? Daga ke sai shi sai kabewar nan. Rubuta ya yi magana, ya samu sauƙi, an sallame shi. Ai ya samu sauƙin, ba ki ga kumatunsa ba? Dakta ba za ta tambayi mece ce maganar ba, ita ce uwar riƙe sirri."

"Sista, zai koma gida da ita a cikinsa."

"Ya shekara da ita bai mutu ba. Ke kuma shekara goma sha uku kina dakon littattafai, furfura ta fito miki a kan hanya. Za ki zubar saboda haƙarƙari?"

"Da kin ga yadda ya riƙe hular."

Sista Nokwanda ta yi tsaki, ba na raini ba. "Malaman makaranta. Ko ba kowa a aji sai kun rubuta gaskiya a allo. To tashi ki je. In ta kore ki akwai gurbin mai raba shayi a ɓangarena."

Liziwe ta rubuta abin da ya faru yadda ya faru, ta ɗauki fayil ta kai. Dakta Chetty ta karanta har ƙasa, ta koma sama ta sake karantawa.

"Wata uku," ta ce. "Zan rubuta wa hukuma in nemi ƙari, in faɗi dalili. Jarrabawar Fabrairu ta wuce ki, sai ta Yuni. Da wani abu dabam kika rubuta mini kuma na gano, da ba zancen wata uku muke yi ba." Ta rufe fayil. "Saura shi. Ba za ki ci gaba da dubansa ba. Ni zan karɓe shi, in zai yarda."

"In takarda aka aika masa cewa an canja masa likita, ba zai zo ba. Zai ce 'yarsa ta kore shi."

"To yaya za a yi?"

"Ki bar ni in kawo shi da kaina."

Alhamis ta gaba ta tare shi a baranda, ba ta bari ya shiga ɗakinta ba. Ta gaishe shi da kirarin gida, ta ce, "Tata, ka yi gaskiya, kuma laifina ne ba naka ba. Ba zan iya yi maka magani ba tunda na zama 'yarka. Amma in uba ba shi da lafiya, wa yake raka shi wurin mai magani?"

Ya yi ɗan tunani. "'Yarsa."

"To, mu je."

Ta wuce gaba yana biye har ƙarshen baranda. A ofis ta gabatar da shi yadda ake gabatar da dattijo, da sunansa da na ubansa da zuriyarsa. Tsohon ya zauna, ya ɗora hula a gwiwa, ya ƙare wa Dakta Chetty kallo.

"Ke kuma 'yar wane gida ce?"

"Ba ni da gida a nan, Tata," ta ce da Xhosarta. "Kakan kakana daga ƙetare ya zo yankan rake a bakin teku. Ba na zuwa bikin kowa, ba na cin naman shanu, kuma ban san yayarka ba."

"Kin yi sa'a," ya ce. Ya juya wurin Liziwe. "Wannan ta iya magana, amma kamar akuya na tafiya a kan rufin kwano."

"Tana ji, Tata."

"Don ta ji na faɗa." Ya gyara zama. "Je ki, 'yata. Ja mana ƙofa."

Ta fita ta ja ƙofar. Sati tara ya yi yana zuwa wannan ofis. Abin da ya faɗa a ciki Liziwe ba ta sani ba har yau, ba ta kuma tambaya ba. A tashar mota ma, in ya kawo nan a labarin, sai ya koma zancen shanu.

Wata ukun ba hutu ba ne. Ban da marasa lafiya, Dakta Chetty ta ɗora mata aiki guda: ta rubuta yadda za ta yi a asibitin ƙauye, inda ba wata Dakta Chetty a ƙarshen baranda. Sau huɗu tana rubutawa ana dawo mata da shi da jan biro. Na biyar shafi biyu ne. In an tambaye ta zuriya za ta amsa. A zaman farko, kafin a yi nisa, za ta gaya wa mutum cewa muddin tana dubansa ba za ta taka gidansa ba, ko biki ko makoki, ba kuma za ta karɓi kabewa ba. In Tolo ne na nesa, za ta ba shi zaɓi, ita ko wani. In na kusa ne, wanda kaburburan kakanninsu ke wuri ɗaya, ba zaɓi, za ta haɗa shi da abokin aiki a Mthatha ta waya, ta fita daga ɗakin.

Ranar ƙarshe ta watan Maris Dakta Chetty ta sa hannu a rahoto na huɗu. Ba ta ce komai ba sai, "Ki bar mini kwafin shafi biyun nan, akwai masu zuwa bayanki." A watan Yuni Liziwe ta zauna jarrabawa, ta ci saba'in da shida. Aka tura ta hidima wannan asibitin gunduma, inda ba a taɓa samun mai irin aikinta ba. Da shekarar ta cika ta nemi a bar ta, aka bar ta.

Ranar Larabar da ta wuce ta shiga motar asibiti tare da masu allurar rigakafi, suka yi awa ɗaya da rabi a kan hanyar ƙasa zuwa wani asibitin sha-ka-tafi a cikin kwari, inda aka ware mata ɗakin ajiyar magani da kujera biyu. Mutum bakwai suka jira ta. Biyar na farko duk sai da suka tambayi zuriyarta kafin su zauna. Ta shida wata mata ce 'yar Tolo, da suka bi sunaye sai ga shi kakanta a ƙauyen su Liziwe aka binne shi. Liziwe ta gaya mata yadda abin yake, ta kira Mthatha, ta jingina wayar da kwalin safar hannu, ta nuna mata inda za ta danna in murya ta ɗauke. Sannan ta fita ta zauna a benci ƙarƙashin rumfa minti arba'in, tana taya masu rigakafi riƙe jarirai, har matar ta buɗe ƙofa. Liziwe ta karɓi wayarta, ta kira na bakwai.